Ranar da Suka Zo Ɗaukar 'Yar Kawu

Ni majemi ne. Duk wanda ya san majemar da ke bayan garun birnin Zinder ya san ni, in bai ga fuskata ba ya ji warina. Na sha gaya wa mutane cewa ran da na kai fata Zango, raƙuman fatake sun tsinke dabaibayi sun koma arewa ba kaya. Na ce na taɓa jeme fatar mesa, kanta na cikin kwatarniyata, wutsiyarta na Tirmini tana kore wa kawuna ƙuda. Haka nake tun ina yaro. Abu in ya kai taƙi ɗaya, kafin ya fito daga bakina ya kai igiyar rijiya. A yi dariya, a ba ni ɓarin goro, kowa ya kama gabansa.

Matata 'yar kawuna ce, wato taubashiyata. Ni ɗan mace, ita 'yar namiji, saboda haka tun muna wasan ƙasa take kirana bawan gidansu, aure ma bai sa ta daina ba. Sauran mata suna jin kunyar mazansu. Tawa in na shigo da yamma sai ta toshe hanci ta ce, "Wa ya bar mushe ya shigo mini gida da ƙafarsa?"

Ni kuma in ce, "Mushen da ya kawo hatsi ne, 'yar kawu. A ba shi ruwa ko ya mayar da kayansa."

Da haka muka haifi 'ya'ya, muka binne wasu. Macen da ta rayu tana aure a Damagaram Takaya da goyo a bayanta, namijin ya bi ayari zuwa Kano. Muka rage mu biyu a gida kamar farko.

Wan matata manomi ne a Tirmini, yana gidan kawu tare da tsohuwarsu, Inna. Shi ma taubashina ne, kuma tun da muka yi wayo ba mu taɓa gaya wa juna magana a miƙe ba. In ya yi mini ina kwana da fara'a, sai in laluba in ji ko wuƙata na nan. In na ce masa ga hadari ya taso, sai ya sa a baza shanya.

Abin ya fara ne da mazari. Matata gwanar kaɗi ce, zarenta masaƙa har gida suke biyo shi. Wata rana da hantsi tana kaɗi a inuwar rumbu, mazarin ya kuɓuce mata. Ta ɗauka, ya sake faɗuwa.

Na ce, "Tsufa ya yi sallama, uwar ɗakina."

Ta ce, "Kai ka wuce ta nan, mazarin ya suma."

Muka yi dariya. Amma kafin damina ta tsaya, ba ta iya murza zare, ba ta iya ɗaura zane sai da haƙori. Ni aikina fata, idona ya san fata. Na ga tsakanin babban yatsanta da manuni ya zurma, ya yi rami. Na ga naman damtsenta yana motsi shi kaɗai, kamar akwai ƙananan kifaye a ƙarƙashi. Daga nan ƙafar hagu ta fara ja, dokin ƙofar da ta yi shekaru tana tsallakawa ya fara kayar da ita.

Ba abin da ban yi ba. Wanzami ya zo ya yi mata ƙaho har bayanta ya koma kamar faifai. An yi turare, an yi shafi, an kawo sassaƙen da in ka ba jaki zai yi magana. Rubutu kuwa, wallahi tawadar da ta sha ta isa a rina rigunan unguwarmu duka. Kowa da abin da yake cewa. Wannan ya ce iska, wancan ya ce wata ce ta yi mata sammu don hassadar zare.

A shekarar da aka ƙara wa garun birni tsawo, wani tsohon malami Babarbare ya sauka a Zango tare da fatake. Aka ce ya karanta ilimin magani, ya yi tafiye-tafiye har gabas. Na je na zauna a ƙofar masaukinsa har warina ya fito da shi.

Ya zo gida, ya zauna a gabanta, ya daɗe yana juya hannayenta. Ya sa ta matse masa yatsa. Ya sa ta fito da harshe. Na leƙa ta bayansa, na ga harshen ya yamutse a gefe yana rawa shi kaɗai, da na sani ban leƙa ba. Ya ɗauki ƙayar aduwa ya tsikare ta a tafin hannu.

"Kin ji?"

"Na ji mana, malam. Ai ba fatar majema ba ce."

A zaure ya tsayar da ni. Ya ce, "Ɗana, na ga irin wannan a Kukawa, na sake ganinsa a hanyar gabas. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kada ka zargi kowa. Ba kuma shanyewar da ke faɗo wa mutum rana ɗaya ba ce. Wannan a hankali yake tafiya. Ya ci hannu, yana cin ƙafa. Sai harshe, sai haɗiya, daga ƙarshe numfashi. Ji da gani da hankali ba ya taɓa su."

Na ce, "To, maganin fa? Faɗi ko me ne ne. In nonon zakanya ne, ni zan tatso, in ta ji warina ba za ta yi gardama ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Allah ne mai warkarwa. Ni dai ban ga wanda ya tashi ba. Abu ɗaya zan gaya maka. Ran da haɗiya ta fara yi mata wuya, kada a yi mata ɗura. Ruwa tsinkakke zai riƙa bin hanyar numfashi. Ka ba ta mai kauri, kaɗan-kaɗan, tana zaune."

Na miƙa masa jar fatar akuya, mafi kyau a cikin waɗanda na jeme a shekarar. Ya mayar mini. Nan ne na gane abin ya wuce magani. Duk wanda ya zo kafinsa ya karɓa.

Na koma ciki ina tafa hannu. Na ce, "Albishirinki! Ya ce kafin kaka za ki riga jimina gudu. Ya ce in ɗaure ki da igiya kada ki ɓace mini."

Ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Da ƙaramar ƙarya ka yi, da ƙaramin tsoro zan ji. Wannan ta yi girma. Zauna ka gaya mini."

Na zauna na gaya mata, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya jera su. Ban taɓa faɗin abu daidai tsawonsa ba sai ran nan, na ji kalmomin sun yi mini gajarta a baki.

Ta ce, "Hankali fa?"

"Ya ce ba ya taɓa shi."

"Wato zan riƙa jin surutunka, ba ni da bakin ramawa." Ta rufe ido. "Kai, bawan gidanmu, ka ci riba."

Na fita bayan rumbu na cusa hulata a baki don kada ta ji.

Daga nan komai ya bi yadda malamin ya faɗa, kamar shi ya ba ciwon hanya. Na bar majema, fatun da na tsoma suka ruɓe a toka. Na koyi daka, na koyi dama kunu, na farko da na yi har kaji sun ƙi shi. Ni ke ɗaga ta, ni ke kai ta bayan gida, ni ke yi mata wanka. Matan unguwa sun taimaka iyakar ƙarfinsu, amma kowace da tukunyarta a wuta. Kuma sun yi ta magana: namiji da furfura yana wanke mace, alhali tana da dangi.

Harshen ya tafi a hankali. Kalmomi suka fara manne wa juna, suka koma fita ta hanci. Maƙwabta suka fara cewa "na'am?", daga baya suka koma gyaɗa kai kawai suna kallona. Ni kuwa ina ji. Na saba da muryar nan tun kafin in yi gemu, na san inda za ta nufa kafin ta kai. In ta yi wani ɗan gurnani mai tsawo, ƙaiƙayi ne a kafaɗa. In gajere ne mai tashi sama, zagina take yi, sai in rama don kada ta ce na raina ta.

Wani abu kuma ya zo da malamin bai ambata ba. Sai dariya ta kama ta ba dalili, ko kuka ya ƙwace mata alhali ba abin da ya ɓata mata rai. In ya lafa sai ta ce mini ba ita ba ce, fuskar ce ke yin abinta.

Wata rana na je rijiya, wata maƙwabciya mai kirki ta shigo da jiƙo. Ta yi mata abin da kowace uwa ke yi wa marar lafiya a ƙasar nan: ta kwantar mata da kai baya, ta matse hanci, ta zuba. Na dawo na tarar da matata ta yi shuɗi, idanu sun fito, ba iska mai shiga. Na kifa ta a cinyata ina bugun bayanta ina kiran sunayen Allah duk wanda ya zo bakina. Da ta dawo, ta yi kwanaki ƙirjinta na ƙara kamar tukunyar da ke tafasa.

A cikin kwanakin nan ne ta ce mini, da ƙyar, sai da ta maimaita, "Za su zo daga Tirmini. Kada ka bari. Inna ɗura za ta yi mini. Kuma can ba mai jina."

Na ce, "Ko da sarkin yaƙi suka zo, sai sun bi ta kaina."

Da sarkin yaƙin ya fi mini sauƙi.

Bayan an gama yankan gero sai ga wanta da takarkari, an shimfiɗa masa tsumma mai laushi a baya, ga matarsa biye. Tun daga zaure ya fara: "Ina bawan gidan nan? A ce masa ubangidansa ya iso, ya zo ya kama igiya."

Na ce, "Sa biyu na gani, wanne zan ɗaure?"

Muka yi dariyar da muka saba. Ya shiga ya gan ta jingine da bango, na tokare ta da buhun ƙaiƙayi, yawu na bin haɓarta. Dariyar ta mutu a fuskarsa. Rabonsa da ita tun tana iya zaginsa.

Ya fito tsakar gida ya ce, "Jinya in ta yi tsawo, gida ake yin ta. Haka aka yi wa uwarka, haka aka yi wa kowa. Inna ba ta barci. Ta tara saiwoyi, ta yi magana da mai magani na wajen Zermu. Mata cike da gida, su wanke ta, su ba ta. Kai ka koma ga fatunka."

Ba mugunta ya zo da ita ba, na sani. Na gaya masa abin da malamin ya ce. Na gaya masa zancen ɗura, da yadda ta yi shuɗi.

Ya ce, "Ruwa ya kashe mutum? Cikin ƙoƙo?"

"Wallahi saura ƙiris."

"Kai ne fa ka ce sauron tafkin birni ya ɗauke maka ɗan akuya."

"Wannan dabam."

"Kullum dabam ne."

Na ce, "To, tambaye ta da kanka."

Muka shiga. Maƙwabta sun fara taruwa a bakin ƙofa. Ya tsuguna ya ce, "Ƙanwata, na zo in kai ki wurin Inna. Kina so?"

Ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata ta yi magana. Na ji ta sarai. Shi ba abin da ya ji sai nishi. Ya juyo gare ni.

Na ce, "Ta ce ba ta zuwa. Ta ce ka gai da Inna, ka ce ta yafe mata."

Ya yi murmushin da ba daɗi. "Wannan ɗan nishin ne ya ɗauki duk wannan maganar? Da ta ƙara ɗaya da ka ce ta ba ka gonar kawu."

Wani ya yi dariya a bakin ƙofa. Ba laifinsa, ni na koya musu.

Wanta ya ce mata, "In kina son gida, ki nuna mini." Ta so ta girgiza kai, wuyan ya ƙi, kan ya faɗo kan ƙirjinta kamar mai cewa i. Sannan, don ƙaddara, kukan nan ya ƙwace mata, mai ƙarfi, baki buɗe.

Matarsa ta ce, "Allah sarki! Kun gani, Inna take so."

Na ce, "Ba kukanta ba ne! Ciwon ne ke sa ta, fuskar ce kawai!"

Wanta ya ce, "Yanzu kuma kukan ma ba nata ba ne. Na wa ne, na maƙwabta ta aro?"

Na rasa ta inda zan bi. Na yi rantsuwa, ya ce ya ji irinta a kan mesa. Na ce a kira malamin, aka ce ayarinsu ya daɗe da tashi. Na dubi maƙwabciyar da ta yi ɗurar, ta sunkuyar da kai, tana tsoron a ce ita ta so kashe ta. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na cire hula, na tuɓe takalma, na durƙusa a gabansa cikin ƙasa kamar yadda suruki ke yi wa suruki. Na ce, "Yaya, don girman Allah. Ba wasa nake ba. In kuka kai ta, ba za ta ga sabon wata ba."

Sai wata tsohuwa ta fashe da dariya, saura suka bi. Sun zaci sabon salon tsokana ne, majemi ya durƙusa wa taubashinsa yana kiransa Yaya. Shi kansa bakinsa ya motsa, yana jiran inda zan ɓullo da ƙarshen wasan. Ina durƙushe hawaye na bin gemuna, wani yana cewa, "Kai, mutumin nan har kuka ya iya!"

Wanta ya ce, "Tashi, rana na yi. Ku ɗauko ta."

Shi da matarsa suka kama ta ta hammata. Kanta ya karye baya, ta fara shaƙewa da yawunta. Na ture su. Na ce, "Ba haka ake ɗaga ta ba! Ku bari!" Na sa hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, ɗaya a bayan wuya, na kwantar da fuskarta a kafaɗata yadda nake yi kullum. Ba ta fi damin kara nauyi ba. Sai na ga ni ne ke ɗauke da ita, da ƙafafuna, ina ratsa tsakar gida zuwa wurin takarkari. Ni da na ce sai sun bi ta kaina.

Matar wanta ta riga ta hau, ta buɗe hannu za ta karɓe ta. Na miƙa. Ba ta miƙu ba.

Matata ta kama rigata da haƙori, har da naman kafaɗa. Hannu ba ya yi, ƙafa ba ta yi, harshe ba ya yi, amma muƙamuƙin nan ya rufe kamar awartakin maƙeri. Matar ta ja kaɗan, rigar ta fara yagewa. Ta sake ja, na ji jini na bin haƙarƙarina. Ban yi ƙara ba. Ban ce komai ba, don na san in na buɗe baki zan ɓata mata.

Ba kuka take ba, ba dariya ba. Idonta ɗaya ne a waje, ta saman kafaɗata, ta kafe wanta da shi.

Ba wanda ya yi dariya.

Wanta ya daɗe a tsaye riƙe da igiya. Ya ce wa matarsa, "Sake ta." Ya zagaya ya kwance taikin gero da suka zo da shi na guzuri, ya jingine shi a zaure. Bai dube ni ba ya ce, "Me zan gaya wa Inna?"

"Abin da ka gani."

"In ta shaƙe a hannunka, kai da Allah."

"Na ji."

Ya shafa kan ƙanwarsa, ya ja takarkari suka tafi. Bai zage ni ba da zai tafi, ni ma ban zage shi ba. Maƙwabta suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Haƙoran ba su saku nan da nan ba, muƙamuƙin ya ƙage. Na zauna da ita a ƙasan zaure ina murza mata kumatu a hankali har ya saki. Na goge mata baki da gefen rigar. Na ce, "'Yar kawu, ashe kura na aura. Wannan cizon, gobe zan ce zaki ne ya tare ni a ƙofar gari."

Ta numfasa, ta numfasa. Sannan ta yi magana, mai ɗan tsawo, idonta a kaina. Magana ce mai muhimmanci, na gani a idon.

Ban ji ba.

Na kai kunnena bakinta na ce ta sake. Ta sake. Ba ƙaiƙayi ba ne, ba ƙishirwa ba, ba zagi ba. Na kawo mata duk abin da na iya zato, Inna, yaran, ciwon kafaɗata, tana rufe ido a kan kowanne alamar a'a. Ta gwada na uku, ƙarfin ya ƙare a tsakiya. Takarkarin ko ƙofar gari bai kai ba a lokacin, kuma yanzun nan na gama rantse wa duniya cewa ni ke jin ta.

Na ce, "To, na ji. Za a yi."

Ta dube ni. Ta san ban ji ba.